Cizon Da Ke Saukowa Daga Silin

Duk wanda ya sayi injin feshi a Babbar Kasuwa yau, gobe sai ka ji yana kiran kansa mai maganin ƙwari. Ina ganinku kuna wucewa ta ƙofar shagona a nan Unguwar Shanu, inji a goye, galan a hannu, kuna cewa ai aikin ba wuya, a haɗa magani da ruwa a fesa a kama gaba. Akwai gidan da hakan ya isa, ban musa ba. Amma tunda kun zauna kun ce in ba ku labarin yadda na tsufa a cikin rufin mutane, sai ku gyara zama. Sunana Isyaku, ko da yake Isyaku Mai Silin aka fi sani, kuma abin da na fi iyawa a duniya shi ne jemage da ƙwarin da ke jikinsa.

Da kafinta na fara. Maigidana Baba Tanko, Allah ya jiƙansa, Bazazzagi ne mai ƙarancin magana, aikinsa gyaran silin a tsofaffin gidajen ma'aikata. Gidan farko da na bi shi, silin ɗin falo ya yi ciki ya lanƙwaso, ga wani tabo ruwan ƙasa da ya bazu kamar an zubar da shayi. Masu gidan sun ɗauka yoyo ne. Ina ɗora tsani zan hau, Baba Tanko ya riƙe ƙafar wandona ya ce in sauko, ranar farko ba a hawa. Muka fita bayan gida muka zauna a kan bulo har rana ta yi ja. Can sai ga su suna zubowa daga wata 'yar kafa tsakanin kwano da bango, kafar da yatsana biyu ba za su shiga ba. Ƙananan jemagu ne, irin waɗanda wasu ke kira birbiri, ba manyan nan masu cin mangwaro ba. Ya nuna mini baƙin maiƙon da jikinsu ya bari a bakin kafar, ya ce wanda bai ga ƙofarsu ba bai san gidan ba tukuna.

Washegari da sassafe muka hau, kafin kwano ya ɗau zafi. A wajensa na koyi cewa katako ake takawa, ba allon silin ba. Na koyi yayyafa ruwa a kan kashin jemage kafin a share, don ƙurarsa in ta shiga ƙirji ba ta fita da daɗi. Kashin nan kuwa ba a zubar da shi, masu lambu a bakin rafi wajen Rafin Guza rububinsa suke yi, sun ce alayyafo ba shi da taki kamarsa. Muna cikin shara sai Baba Tanko ya haska tsagar wani katako ya ce in matso. Ƙwari ne jingim a jere, falan-falan, launin goro. Na ce kuɗin cizo. Ya ce ɗan'uwansa ne dai, shi wannan na sama ne, jinin jemage yake sha.

Wannan ƙwaron shi ne rabin sana'ata, don haka ku saurara. Kuɗin cizon da kuka sani a ɗinkin katifa yake zama, da tsagar gado, yana barin ɗigo-ɗigon baƙi a zanin gado. Na sama kuwa a kusurwar silin za ka same shi, da saman labule, da gindin ƙwan fitila. In ka sa su biyun a ƙarƙashin gilashin masu gyaran agogo, za ka ga na sama ya fi gashi a wuya. Ba ya son jinin mutum. Muddin jemagunsa na nan, zai shekara a saman kanka ba ka sani ba. Yunwa ce kaɗai ke sauko da shi. Ranar da ka kashe jemagu ko ka kore su ka bar shi, ranar ka aika masa goron gayyata zuwa gadon mai gida.

Kayan aikina ba su da yawa, ga su nan a rataye kuna gani. Tsani, tocila mai ɗauri a goshi, safar hannu ta fata irin ta masu walda, takunkumi, wayar raga, buroshin fenti na sharar tsaga, hantsaki, da gilashin nan da na saya wajen wani mai gyaran agogo da ya daina gani. Sai guntayen bututun ruwa. Bututun nan shi ne ƙofar fita: a kafa shi a bakin kafarsu yana kallon ƙasa, a ɗaura masa leda mai buɗaɗɗen baki, a toshe duk sauran kafofi da raga. Jemage zai sulalo ya fita kiwo, in ya dawo ba abin da zai kama ya shiga. Bayan 'yan kwanaki rufi ya zama fayau, ba gawa ko ɗaya. Sannan a share, sannan a yi feshin, a tsaga-tsaga. Injin feshi shi ne na ƙarshe a hawa tsani.

Bayan rasuwar Baba Tanko da 'yan shekaru, wata likitar dabbobi daga jami'a, Dakta Rabi, ta zo shagon nan tana neman wanda zai riƙa hawa mata rufi. Bincike take yi a kan ƙwarin jikin jemage. Abu na farko da ta tambaye ni shi ne ko an taɓa yi mini allurar rigakafin ciwon haukan kare. Na ce ni da kare ba ma haɗa hanya. Ta ce jemage ma yana iya ɗaukar ciwon, kuma ba zan taɓa mata ko ɗaya ba sai na yi. Na yi shekaru ina kama su da tsumma, Allah ne kawai ya tsare. Na je aka yi mini, ku ma ina ba ku shawara.

Damina biyu muka yi tare. Ni ina saukowa da su a jakar yadi, ita tana zaune a inuwa da teburinta. Takan kwantar da jemage a tafin safarta, ta ɗora babban yatsa a ƙasan haɓarsa, ta hura gashin bayansa a hankali har fata ta bayyana. A nan na ga abubuwan da na yi ta riƙewa ban taɓa lura da su ba. Akwai kaska mai taushi da ke maƙalewa a bayan kunne. Akwai wasu ƙanana a fatar fiffike kamar an barbaɗa garin barkono. Sai wani mai dogayen ƙafafu kamar gizo-gizo, mai gudu cikin gashi har hantsaki ba ya cim masa. Ta ce mini wannan ƙuda ne, ƙudan da ba shi da fiffike, tunda mai fiffike yana ɗauke da shi. Ta ce macen ba ta zuba ƙwai, ɗa guda take reno a cikinta har ya ƙosa, ta sauka ta manna shi a jikin katako, ta koma kan jemagenta. Duk wanda ta gama cire wa ƙwari, sai ta ɗiga masa ruwan sukari a baki, in mayar da shi inda na ɗauko shi. A wajenta na ƙara tabbatar da abin da Baba Tanko ke faɗa, cewa da damina suke haihuwa, kuma ba a sa bututu a lokacin, don uwa za ta fita ta bar ɗan da bai iya tashi ba.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce shekarar da aka kulle gari saboda annoba. Magana ta bazu cewa daga jemage cutar ta fito. Ni ban san gaskiyar wannan ba, amma na san abin da ya biyo baya. Mutanen da suka yi shekaru da jemagu a rufi ba su damu ba, kowa ya tashi a ranar yake son a gama da su. Aka yi ta turara taya da barkono, ana watsa fiya-fiya ta ƙofar silin. In na ce a jira, sai a ce mini an gode, a kira wani. Ga shi fita ma sai ranar da aka ba da dama. Na koma gyaran ƙafar benci da ƙyauren maƙwabta, maiɗakina tana suyar awara a ƙofar gida, da shi muka ci abinci.

Cikin daminar wannan shekarar wata dattijuwa, Hajiya Ladi, ta sa aka nemo ni. Gidansu na wajen Rafin Guza, tsohon gini mai dogon rufi guda, ɗakuna a jere, sito a ƙarshe. Mijinta Malam Habu ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, da kuɗin sallamarsa ya ƙarasa ginin. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, hannu ɗaya kawai ke motsi, magana ta ɗauke. Su biyu ne a gidan, sai wata maƙwabciya da ke leƙowa. Ita ke juya shi, ita ke masa wanka, ita ke ba shi kunu a cokali.

Ta ɗaga mini rigarsa. Bayansa da wuyansa da hannun nan da ba ya motsi duk cizo ne, sabo a kan tsoho, wasu sun fara ruwa. Inda hannunsa mai lafiya ke kaiwa ya sosa har ya yi jini, inda ba ya kaiwa kuma sai dai ya ji. Yana kallona, idonsa tar, hankalinsa bai je ko'ina ba. Hajiya ta ce ta ƙona katifa, ta sake ƙona wadda aka sayo, ta zuba tafasasshen ruwa a gadon, ta wanke komai har hannunta ya tsage. Ta ce babban ɗansu Nasiru, da ke aiki a Abuja, ya ga hoton jikin a waya, ya ce da an buɗe hanya zai zo ya tafi da Baba gidansa a samo mai jinya, tunda aikin ya fi ƙarfinta.

Ta rage murya ta ce, "Bai ce ƙazanta ce ba, Malam Isyaku. Amma na ji abin da bai faɗa ba. Shi kuma Malam, ranar da aka yi maganar tafiyar a gabansa, bai karɓi abinci ba har dare."

Na duba katifa, tsaf take. Na duba gado, babu ɗigo ko ɗaya. Na ɗaga tocila sama, sai ga su a layin da silin ya haɗu da bango, da gindin ƙwan fitilar da ke daidai kan gadon. Na tambaye ta ko an taɓa rufin nan kwanan baya. Ta ce ƙwarai, da aka fara maganar cutar Nasiru ya sa an turo mai feshi, ya buɗe ƙofar silin da ke ɗakin Malam ya fesa magani ya rufe. Bayan nan ne cizon ya fara, amma ita ba ta haɗa biyun ba.

Da safe na hau. Saman ɗakin Malam babu mai rai, sai busassun gawarwaki a kan tarin kashi, ga ƙwari a kowace tsaga, sun rame sun yi falan-falan kamar ƙaiƙayi. Na rarrafa zuwa ɗaya ƙarshen, saman sito, inda maganin bai kai ba. A can waɗanda suka tsira suka taru. Da na rage hasken tocila na duba, kusan kowace uwa da ɗanta manne a ƙirji, wasu 'ya'yan an ajiye su a dunƙule a jikin katako, jajaye, ba gashi, kamar 'yan yatsu.

Na sauko na faɗa wa Hajiya cewa laifin ba na katifarta ba ne, daga sama abin yake. Ta zauna a bakin baranda. Sannan ta kira Nasiru ta miƙo mini wayar. Ya saurare ni da ladabi har na gama, ya ce to a kashe sauran yau, a yi feshi gaba ɗaya a huta. Na ce masa in an kashe su, ƙwarin wancan ɓangaren ma za su sauko, ga warin gawa a rufin da mara lafiya ke ƙarƙashinsa, ga maganin da za a zuba da yawa a gidan da mai numfashi da ƙyar yake. Na ce ya ba ni wata guda da 'yan kwanaki, 'ya'yan su tashi, in fitar da su duka. Kafin nan zan tsare ɗakin.

Ya ce, "Malam, za ka iya rantse mini cewa ba za su sa wa mahaifina wata cuta ba?"

Na ce ba zan iya ba, wannan ya fi ƙarfin sanina. Na ba shi lambar Dakta Rabi. Ban san duk abin da suka tattauna ba, ta dai ce mini daga baya ta gaya masa haɗarin yana wajen taɓa su da tayar musu da hankali, a toshe tsakaninsu da mutane a bi a sannu. Da yamma ya sake kira ya ce ya amince, amma in ya zo ya tarar da jikin Baba yadda yake, zai tafi da shi, kada Umma ta ga laifinsa. Tsoro ne irin na ɗa, ban ga baƙinsa ba.

Washegari muka mayar da Malam falo, ni da wani maƙwabcinsu muka ɗauke shi a bargo. Na kafa labulen buhu da raga a cikin rufi, na raba ɓangaren sito da sauran gidan. Na kwashe gawarwaki da kashi, na bi kowace tsaga da buroshi, sannan na sa magani kaɗan a inda ƙwarin suke. Ta ƙasa kuma na liƙe duk layin silin da foti, ƙullin nan na toshe tsaga, na cire ƙwan fitila na toshe gindinsa. Da ɗakin ya sha iska muka dawo da gadon, na janye shi daga bango, na sa ƙafafunsa a gwangwanayen madara masu ruwan sabulu. Na ɗaura gidan sauro, na shimfiɗa farin zani a samansa, don wanda ya faɗo daga sama a gan shi. Na ce wa Hajiya ta riƙa duba zanin kowace safiya. Kwanakin farko tana samun 'yan kaɗan, ta tara mini a kwalba. Daga baya sai ta riƙa nuna mini kwalbar babu komai.

Wata safiya na zo dubawa, na tarar ta kife kwano a ƙasan sito ta ɗora dutse. Ta ce wani abu ne ya faɗo ta ɓarakar silin, ta kasa kashewa ta kasa taɓawa. Ɗan jemage ne, bai kai babban yatsana ba, yana buɗe baki ba sauti. Na sa safa na ɗauke shi. Ƙananan ƙwarin nan sun taru a hammatarsa da bayan kunnensa, ga kaska guda ta ƙoshi. Jiki irin wannan ba shi da jinin da zai raba. Na ce ta riƙe mini tocila. Ta riƙe daga nesa, hannu a miƙe, fuska a kauce. Ina cirewa da hantsaki ɗaya bayan ɗaya, sai na ga hasken yana matsowa. Ta tambaye ni me yake nema da yake ta lalube da baki. Na ce nono.

Ta ce, "Ashe nono suke sha." Ta ƙara matsowa. "Ka bi a hankali wajen kunnen nan. Shi ma ba ya iya sosawa."

Na hau na manna shi a katako kusa da 'yan'uwansa. Washegari ban same shi a ƙasa ba, ban kuma iya bambanta shi a cikin taron ba.

Tunda ina bukatar sanin ranar da 'ya'yan za su fara fita, nakan zo gab da magariba in tsaya a tsakar gida ina kallon kafar. Rana ɗaya Hajiya ta ce ko za a fito da Malam ya sha iska, rabonsa da tsakar gida tun kwanciyarsa. Muka ɗauko shi muka zaunar a kujerar roba mai hannu, ta tokare shi da matasai, ta ja tata kujerar kusa. An yi ruwa da rana, gari ya yi sanyi, ƙwari sun tashi. Da jemagun suka fara zubowa daga ƙarshen rufin, sai ya ɗaga kai. Ya bi su da ido har suka haye bishiyar mangwaron da ke bayan katanga. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna, ya juyo ya kalle ta, ya sake nunawa. Ta ce masa ta gani, Malam, ta gani. Daga ranar ya zama ƙa'ida. La'asar na yin sanyi zai fara buga hannun gado, sai an fitar da shi.

Shi ya fara ganin tashin 'ya'yan. Ina duba wani wuri sai na ji yana buga kujera. Ƙanana ne ke fitowa a bayan manya, suna faɗowa ƙasa-ƙasa kamar za su bugi igiyar shanya, sannan su daidaita. Ɗaya ya zagaya tsakar gidan ya koma ya maƙale a bango, ya huta, ya sake gwadawa. Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Malam. Na ɗauka shaƙewa ya yi, Hajiya ta ce dariya ce, ta san ta.

Na ƙara 'yan kwanaki, na hau na tabbatar babu wanda ya rage a katako, sannan na kafa bututu. Suka fita, suka dawo suna zagaya rufin, suka haƙura. Na share ɓangaren sito, na yi masa magani, na rufe kafar da raga da siminti.

Ana buɗe hanya Nasiru ya zo. Ina gidan ina kwance labulen buhu. Ya gaida mahaifiyarsa, ya shiga ɗaki, ya durƙusa ya ɗaga rigar Baba. Cizon ya warke, sai tabo baƙaƙe da suka fara dushewa. Ya shafa bayan da tafin hannu, ya sauke rigar, ya gyara mata wuya. Da ya fito sai ya tambayi Hajiya ko a samo wata mata ta riƙa zuwa da safe tana taya ta wanki da ɗagawa. Ta ce to. Maganar Abuja ba ta sake tashi ba. Ya raka ni har bakin titi yana ɗauke da jakar kayana, na ce ya bari, ya ƙi.

Malam Habu ya ƙara damina biyu a ɗakinsa, a nan Allah ya karɓi abinsa. Na je jana'iza. Bayan Hajiya ta fita takaba sai ta aiko in zo. Na ɗauka cizon ne ya dawo, na tafi da tocila da gilashi. Ta ce lafiya lau, babu ko ɗaya. Ta kawo mini ruwa, muka gaisa, ta tambayi iyali. Sannan ta ce gidan ya yi shiru da yawa. Da can, in ji ta, ko ba kowa tana jin 'yan ƙananan kukansu a sama da yamma, kuma bayan an fitar da su Malam bai daina fita tsakar gida ba, yana samun ɗaya biyu da ke giftawa. Ta tambaya ko zan iya buɗe musu 'yar kafa a can ƙarshen sito, kaɗan kawai.

Na ce, "Hajiya, in sun dawo da ƙwarinsu za su dawo. Ga jikoki suna kwana a nan in an yi hutu."

Ta ce, "Na sani. Tambaya dai na yi."

Sai na gaya mata abin da na gano tun lokacin, don ba na fitar da jemagu ban bi inda suka koma ba. Akwai wani tsohon ɗakin ajiya a bayan layinsu da aka daina amfani da shi, a rufinsa suka tare. Daga tsakar gidanta ana iya hango shi, reshen mangwaron nan ne kawai ya tare. Na nemi izinin mai bishiyar, na ari zarto, na hau na sauke reshen. Kafin in gama tattara ganyen rana ta yi ƙasa. Na waiwayo na ga ta fito da kujeru biyu ta jera inda suke zama. Ta tsaya tana kallon ta biyun, sannan ta ce in zauna.

Suka fara fitowa, da yawa, sun fi yadda na bar su. Suka taso ta saman katangar suka bi ta kanmu zuwa rafi. Muna nan muna kallonsu har aka kira salla a masallacin layin. Na miƙe, na tsaya ina jiran ta tashi in shigar mata da kujerun.

Ta ce, "Je ka, Malam Isyaku, kada ka rasa jam'i. Bar kujerun. Akwai masu fitowa a makare, bari in ga fitarsu."